Jadawalin matuƙan jirgin sama: Darasi daga hanyar Jos

Duk ma'aikacin tarayya da aiki ya taɓa kai shi jihar Filato ta sama ya san filin jirgi na Yakubu Gowon da ke Heipang, a ƙaramar hukumar Barikin Ladi. Ta nan manyan jami'ai da malamai ke bi zuwa cibiyar nazarin manufofi da tsare-tsare ta ƙasa da ke Kuru, wadda aka kafa a 1979. Ta nan ake zuwa hedikwatar asusun horas da ma'aikata na ITF, da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, da Jami'ar Jos. Jiragen da ke sauka a filin ba su da yawa, don haka ranar da aka ɗage tashi ko aka soke shi, matafiyi ba shi da wani jirgin da zai jira nan da sa'a guda. Ko dai ya kwana, ko ya hau mota ya bi ta Akwanga da Keffi, tafiyar sa'o'i huɗu zuwa biyar kafin ya isa Abuja.

A irin wannan rana abin da fasinja ke ji a lasifika bai wuce cewa an samu jinkiri saboda dalilai na aiki ba. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Wani lokaci yanayi ne, wani lokaci gyara, wani lokaci kuma sa'o'in aikin matuƙan ne suka ƙare tun kafin jirgin ya kammala zangonsa na ranar. Matsayin wannan jarida shi ne cewa jadawalin aikin matuƙi, da ƙa'idar ƙarin girmansa, da kwantiragin da ya sanya wa hannu, al'amura ne da suka shafi rayukan jama'a, kuma ya kamata gwamnati ta riƙa duba su da idon da take duba lafiyar injin jirgi.

Hanyar Jos ta isa misali. Filin Heipang yana kan tudu mai tsayin fiye da mita 1,200 daga doron teku. A irin wannan tsayi iska ba ta da kauri kamar a Legas, saboda haka jirgi na buƙatar doguwar gudu kafin ya ɗaga, kuma dole a yi lissafin nauyin fasinja da kaya da mai cikin tsanaki, musamman da rana tsaka. Da hunturu hazo na rufe gani. Da damina hadari na haɗuwa cikin gaggawa, wani lokaci har da ƙanƙara. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana neman hukunci daga kyaftin: ya sauka, ya ƙara zagaye, ya karkata zuwa wani filin, ko ya ƙi tashi gaba ɗaya. Mutumin da ya samu barci, wanda kuma ba ya tsoron abin da ofis zai ce masa gobe, shi ne zai yanke irin wannan hukunci da natsuwa.

Mutanen Filato sun san tsadar hatsarin jirgi. A ranar 4 ga Mayu 2002, jirgin kamfanin EAS da ya taso daga Jos ya yada zango a Kano, sannan ya faɗa kan gidaje a unguwar Gwammaja jim kaɗan bayan ya tashi zuwa Legas. Fiye da mutum 100 suka rasu, ciki har da Ministan Wasanni na lokacin, Ishaya Mark Aku, ɗan jihar Filato. Kowane hatsari da nasa sanadin, kuma ba a kawo wannan don a jingina shi ga jadawalin aiki ba. An tuna da shi ne domin a san cewa maganar da ake yi a kan matuƙa biyu da ke gaban jirgi magana ce a kan duk wanda ke zaune a bayansu, da wanda ke kwance a ɗakinsa a ƙarƙashin hanyar jirgin.

Korafin farko na matuƙa shi ne jadawali. Jirgi guda a Najeriya yakan yi zango da yawa a yini, ya tashi daga Legas da asuba, ya je wani gari, ya dawo, ya sake nufar wani. Idan aka makara a zangon farko, makarar na bin jirgin har dare. Lokacin aikin matuƙi kuwa yana fara ƙirguwa ne tun daga sa'ar da ya isa bakin aiki, ko jirgin ya tashi ko bai tashi ba. Filayen jirage da dama a ƙasar nan ba sa aiki bayan faɗuwar rana, abin da ke ƙara matse lokacin. Idan yini ya ƙure, kamfani na fuskantar zaɓi biyu: ya soke zango guda, ko ya matsa wa matuƙan da ke hannu su ƙarasa. Zangon da aka fi saurin sadaukarwa shi ne wanda fasinjansa ba su da yawa, kuma garuruwa irin Jos ne ke cikin wannan sahu. Kamfanin da bai tanadi isassun matuƙa na jiran ko-ta-kwana ba ya riga ya zaɓa tun kafin ranar ta zo.

Duniya ta koyi wannan darasi da tsada. A ranar 12 ga Fabrairu 2009, jirgin kamfanin Colgan Air ya faɗi kusa da birnin Buffalo a Amurka, mutum 50 suka mutu. Masu bincike sun ɗora babban laifin a kan yadda kyaftin ya sarrafa jirgin lokacin da gudunsa ya ragu, amma binciken ya kuma fito da yadda matuƙan ke rayuwa. Mataimakiyar kyaftin ta kwana tana tafiya daga ɗaya gefen ƙasar zuwa wurin aikinta, albashinta kuma bai taka kara ya karya ba. Daga bisani Amurka ta sake dokokinta. Tun daga 2014 dole matuƙin jirgin fasinja ya samu hutun aƙalla sa'o'i 10 kafin ya kama aiki, cikinsu har da damar barcin sa'o'i 8 ba yankewa, kuma ba zai wuce sa'o'i 100 a sama cikin kwana 28 ba. Tarayyar Turai ma ta tsaya a kan sa'o'i 100 cikin kwana 28, da 900 a shekara.

Najeriya na da nata ƙa'idojin sa'o'in aiki da hutu a cikin dokokin da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA ke aiwatarwa. Abin tambaya shi ne yadda ake auna su. Jadawalin da aka tsara a takarda daban yake da wanda aka yi aiki da shi, idan ana sauya shi da kiran waya cikin dare. Hutun da aka rubuta sa'o'i goma yana raguwa idan aka cire cunkoson motocin Legas da jiran ɗaki a otal. Ranar da matuƙi ya yini yana jiran kira ba ranar hutu ba ce, ko da bai tashi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma matuƙan ne kaɗai za su iya faɗin gaskiyar waɗannan abubuwa, muddin faɗin ba zai ci aikinsu ba.

Korafi na biyu shi ne girma a wurin aiki. Ma'aikacin gwamnati ba ya buƙatar dogon bayani a nan, domin ya san darajar ranar kama aiki, ya kuma san zafin a tsallake shi a ɗora na baya. A manyan kamfanonin jiragen Amurka kowane matuƙi yana da lamba a jerin girma gwargwadon ranar da aka ɗauke shi. Da wannan lamba yake zaɓen jadawalinsa na wata, da ranakun hutunsa, da garin da zai zauna, da irin jirgin da zai tuƙa, da lokacin da zai tashi daga kujerar mataimaki ya koma ta kyaftin idan ya ci jarrabawa. Idan za a rage ma'aikata, daga ƙasan jerin ake farawa. Tsarin na da aibinsa, domin sabon shiga ne ke kwasar aikin dare da na ranakun bukukuwa shekara da shekaru, kuma wanda ya sauya kamfani yana komawa ƙarshen layi komai ƙwarewarsa. Amma yana da fa'ida guda mai girma: yana rage ikon shugaba na saka wa mai biyayya da jadawali mai daɗi, ya kuma hukunta mai gardama da maras daɗi.

A Najeriya matsalar ta ninku, saboda kamfanonin ba sa daɗewa. Okada Air, da Bellview, da Sosoliso, da Chanchangi, da Air Nigeria duk sun yi zamani sun shuɗe. Hukumar AMCON ta karɓi ragamar Aero Contractors a 2016, ta karɓi ta Arik Air a watan Fabrairu 2017. Duk lokacin da kamfani ya rufe, shekarun girman matuƙansa na tafiya tare da shi. Babban misali shi ne Nigeria Airways, wanda aka kafa a 1958 aka kuma rushe a 2003. Tsofaffin ma'aikatansa, cikinsu har da matuƙa da injiniyoyi, sun yi shekara 15 suna bin haƙƙinsu kafin gwamnatin Muhammadu Buhari ta amince da sakin naira biliyan 22.68 a 2018, wato kimanin rabin abin da ake binta. Da yawa daga cikinsu ba su ga ranar ba. Matashin da ya ga yadda aka yi da magabatansa ba zai ƙi tayin kamfanin ƙasar waje ba idan ya zo.

Korafi na uku shi ne kwantiragi. A watan Agusta 2020, lokacin da annobar korona ta durƙusar da harkar jirage, kamfanin Air Peace ya sallami matuƙa kimanin 70 bayan taƙaddama kan rage albashi, har sai da Ministan Sufurin Jiragen Sama na lokacin, Hadi Sirika, ya shiga tsakani. A cikin watan ne kuma ƙungiyar matuƙa da injiniyoyin jirage ta NAAPE ta shiga yajin aiki a kamfanin jirage masu saukar ungulu na Bristow, tana korafi kan bambancin albashi tsakanin 'yan ƙasa da baƙi, kamfanin kuma ya sanar da sallamar matuƙa da injiniyoyi kimanin 100. Kowane ɓangare na da hujjarsa a wancan mawuyacin lokaci. Abin da rikice-rikicen biyu suka nuna shi ne rashin tsayayyar hanyar warware saɓani tun kafin ya kai ga kora ko yajin aiki, har ya zama sai minista ya kira taro kafin a samu maslaha.

Akwai giɓi a doka da ya kamata masu tsara manufofi su lura da shi. Sashe na 91 na Dokar Ƙwadago, wurin da aka fayyace wane ne ma'aikaci, ya cire duk wanda ke aiki a jirgin ruwa ko jirgin sama da dokokin sufurin ruwa ko na sama suka shafa. Ma'ana, kariyar da wannan doka ta tanada ba ta rufe matuƙi ba, abin dogaronsa shi ne kwantiraginsa, da yarjejeniyar ƙungiya idan akwai, da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ƙarfafa. A ɗaya gefen kuma, sababbin dokokin sufurin jiragen sama na 2022 sun zo da tanadin da ya sanya aikin cikin ayyukan da ba a dakatarwa, abin da ya sa ƙungiyoyin ma'aikatan fannin suka yi zanga-zangar adawa a shekarar. Idan hukuma ta ga dacewar taƙaita yajin aiki saboda maslahar jama'a, adalci ya wajabta mata ta buɗe wata ƙofar da koke zai bi ya samu amsa cikin lokaci.

Sai batun kuɗin horo. Kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, tana yaye matuƙa, haka ma wasu makarantu a gida da waje. Amma lasisin farko ba ya isa a ba mutum jirgin fasinja. Sai ya samu horo na musamman kan nau'in jirgin da zai tuƙa, horon da ake biya da dala, sannan ya riƙa komawa na'urar kwaikwayon tuƙi a kai a kai, yawanci duk wata shida, ban da gwajin lafiya. Idan kamfani ya biya, yakan ɗaure matuƙin da yarjejeniyar yin aiki na wasu shekaru ko ya biya kuɗin. Wannan ba laifi ba ne a kan kansa. Laifin na zuwa ne idan bashin ba ya raguwa da shekarun da aka yi, ko idan aka ƙayyade shi da dala alhali albashi na naira ne, musamman bayan faɗuwar darajar naira tun daga watan Yuni 2023. Matashin da ke ɗauke da irin wannan bashi zai yi tunani sau biyu kafin ya ce wa ofishin tsara jadawali ya gaji.

Adalci ne a ambaci halin da kamfanonin ke ciki. Kuɗin shigarsu naira ne, amma kayan gyara, da inshora, da hayar jirage, da horo duk da dala ake biya. A watan Mayu 2022 ƙungiyar masu kamfanonin jiragen cikin gida ta yi barazanar dakatar da aiki saboda man jirgi ya kai naira 700 kowace lita. Ga kuma haraji da kuɗaɗen hukumomi iri-iri. Su ma matuƙan akwai nauyi a kansu. Daɗewa a aiki ba ta maye gurbin cin jarrabawa, wanda aka kashe wa kuɗin horo bai kamata ya gudu ba tare da sanarwa ba, kuma wanda ya ɓata lokacin hutunsa a wata hidima ba shi da bakin ɗora wa jadawali laifi. Sai dai ƙuncin kuɗi dalili ne na ƙara sa ido, domin a lokacin ƙunci ne ake jarabtuwa da rage matuƙan jiran ko-ta-kwana da jinkirta albashi. Hukumar NCAA ta nuna ta fahimci haka a watan Yuli 2022, lokacin da ta dakatar da kamfanin Dana Air bayan binciken lafiyar kuɗinsa da ta ayyukansa.

Saboda haka akwai matakan da ba sa buƙatar sabon kasafi. Hukumar NCAA ta riƙa kwatanta jadawalin da kamfani ya tsara da ainihin sa'o'in da matuƙa suka yi, ta hanyar binciken bazata, ta kuma riƙa wallafa sakamakon a dunƙule kamar yadda take wallafa alƙaluman jinkiri da soke tashi. Ta wajabta fitar da jadawali da isasshen lokaci, tare da iyakance sauye-sauyen gaggawa. Ta ɗauki jinkirin albashin matuƙa da injiniyoyi a matsayin alamar haɗari da ke jawo bincike nan take. Sannan a samar da hanyar sirri da matuƙi zai kai rahoton gajiya ko matsin lamba ga hukumar ko ga hukumar binciken haɗurra ta NSIB, tare da hukunci bayyananne ga duk kamfanin da ya rama a kan mai rahoton.

Ma'aikatar Sufurin Jiragen Sama ƙarƙashin Festus Keyamo, da Ma'aikatar Ƙwadago, da kwamitocin Majalisar Dokoki ta Ƙasa, su zauna da NAAPE da masu kamfanoni su fitar da mafi ƙarancin sharuɗɗan da kowane kwantiragin matuƙi zai ƙunsa. A ciki a samu rubutaccen jerin girma da kowa zai iya gani, da ƙa'idar zama kyaftin, da tsarin rage ma'aikata idan ya zama dole, da bashin horo mai raguwa shekara bayan shekara, da makomar haƙƙoƙin ma'aikata ranar da kamfani ya rufe. Asusun ITF, wanda aka kafa a 1971 kuma yake karɓar gudunmawar horo daga masu ɗaukar ma'aikata, yana iya duba yadda zai haɗa hannu da kwalejin Zariya wajen rage wa matasa nauyin horon nau'in jirgi, domin ƙasa ta rage dogaro da matuƙan da ake ɗaukowa daga waje da dala.

Jihar Filato na da nata rabon aikin. An daɗe ana maganar mayar da filin Heipang cibiyar jigilar amfanin gona, ganin irin dankalin Turawa da kayan lambu da 'ya'yan itatuwa da jihar ke nomawa. Jiragen kaya sun fi tashi da dare, kuma aikin dare shi ne ya fi gajiyar da matuƙi. Idan gwamnatin Caleb Mutfwang da hukumomin FAAN da NAMA da NiMet na son wannan buri ya tabbata, sai an tanadi fitilu da na'urorin saukar jirgi masu aiki, da bayanan yanayi a kan kari, da masauki mai natsuwa kusa da filin inda matuƙa za su huta. Duk yarjejeniyar da jiha za ta ƙulla da wani kamfani don ƙara zirga-zirga ta kamata ta tambayi yawan matuƙan da aka ware wa hanyar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma abin da ke hannun masu karanta wannan shafi. Hadimin da ya kira manajan tasha yana neman a tsayar da jirgi domin maigidansa ya makara yana cin sa'o'in aikin matuƙan ne, kuma fasinjan zangon ƙarshe ne za su biya. Jami'in da ya yi hayar jirgi, ya kuma matsa wa kyaftin ya tashi cikin hazo saboda taro na jira a Kuru ko a Abuja, yana neman a karya ƙa'idar da aka kafa domin kare ransa. Doka ta ba kyaftin hukuncin ƙarshe a kan tashi da sauka, kuma babu muƙamin da ya kamata ya sha gaban wannan hukunci. Ranar da matuƙi ya ce ba zai tashi ba, abin da ya dace da kowane jami'i shi ne ya sake tsara tafiyarsa, sannan idan ya koma ofis ya taimaka wajen ganin cewa matuƙin bai rasa aikinsa saboda wannan kalma ba.